Daga Bakin Allo: Zane a Kan Takardar Buhun Siminti

A wannan wata za mu ɗan jingine maganar jarrabawa da tsadar littattafai, domin mu amsa wata tambaya da wani dattijo ya yi mana a ƙofar makaranta, wadda a ranar muka kasa ba shi amsar da za ta gamsar da shi. Mu malamai baki gare mu a cikin aji, amma da zarar mun fito waje mun haɗu da mai ɗa, sai harshe ya yi nauyi.

Dattijon nan manomi ne kuma masunci, daga cikin mutanenmu na bakin kogin Atbara. Ya zo riƙe da littafin rubutun jikansa, ya buɗe shafin ƙarshe ya miƙo mana. Babu komai a shafin sai zanen kwanson ridi guda ɗaya tak, an yi shi da biro, an bi shi layi bayan layi har ya kusa cika takardar. Ya ce, "Ustaz, yaran nan sun fi shekara suna zaune a gida babu karatu. Yanzu Allah ya sa an buɗe, maimakon ku ɗura masu lissafi da Larabci su cim ma abin da ya wuce su, sai ku zaunar da su suna zanen ridi? Ridin da ya cika gonakin Fashaga, shi ne ba su sani ba?" Muka ce, "Baba, minti goma sha biyar ne kawai." Ya ce, "Minti goma sha biyar ɗin ma na ubansu ne, da guminsa ya saya." Ya naɗe littafin ya tafi.

Gaskiya yana da hujja, kuma ba mu ga laifinsa ba. Amma bari mu fara da bayyana irin yaran da suka dawo mana aji, domin ba su ne waɗanda muka sallama ba kafin ranar 15 ga Afrilu, 2023, ranar da yaƙi ya ɓarke a Hartum. Tun daga wannan rana makarantu suka rufe. Da Wad Madani ta faɗi a watan Disamba na shekarar, sa'an nan Sinja ta bi baya a tsakiyar 2024, jama'a suka yi ta kwarara zuwa jihar Gadarif, ajujuwa da yawa suka koma wurin kwanan 'yan gudun hijira. Mu kuma a nan Fashaga da ma ba mu rabu da zaman ɗar-ɗar na kan iyaka ba, ga 'yan gudun hijirar Habasha da suka tsallako tun ƙarshen 2020. To, yaron da ya ga wannan duka, ko ya kwana yana jin manya suna maganarsa, in ka zaunar da shi a kan benci jikinsa ne kawai a gabanka. Wani ƙafarsa ba ta daina rawa. Wani in an buga ƙofa da ƙarfi sai ya zabura. Wani kuwa shiru ne da shi kamar ruwa ya ci shi, ka kira sunansa sau uku kafin ya ɗago. Ka ce su rubuta insha'i na layi goma, sai su zuba maka ido, su ce, "Ustaz, ba mu san abin da za mu ce ba." Ba wai ba su da abin faɗa ba ne. Abin ne ya yi yawa, ya cushe a ƙofa, kamar awaki in an buɗe masu garke.

Ɗura lissafi a irin wannan kai daidai yake da zuba ruwa a tulun da ake girgizawa. Sai an fara ajiye tulun a ƙasa.

Kafin mu ci gaba, ya kamata mu malamai mu amsa namu laifin. Darasin zane, wanda ake kira fanun a jadawali, mu ne muka fara wulaƙanta shi, ba iyaye ba. Shi ne darasin da malamin lissafi ke ara ba ya mayarwa. In kuwa an yi shi, to malam ne zai zana tukunyar fure a kan allo, irin furen da babu shi a duk faɗin Gadarif, yara sittin su kwafa cikin gaggawa, a ba wannan bakwai cikin goma, a ba wancan huɗu. Wanda ya sami huɗu ya gama da zane ke nan har abada, ya riga ya yanke wa kansa hukunci cewa hannunsa ba ya yi. Mun yi wannan da hannunmu shekara da shekaru, ko da yake a kwalejin horon malamai ba haka aka koya mana ba. Saboda haka in dattijo ya ce zane ɓata lokaci ne, irin zanen da ya gani muna yi ne yake nufi, kuma ya faɗi gaskiya.

Amma akwai wani irin zane da shi kansa dattijon ya sani, ya kuma girmama, sai dai bai taɓa kiransa da sunan zane ba. Duk wanda ya yi makarantar allo, wadda 'yan'uwanmu Larabawa ke kira halwa, ya san zayyana, su kuma suna ce mata sharafa. In almajiri ya kai sauka, akan nemi gardin da ya iya hannu, a wanke allo sabo, a kankare shi sumul. A haɗa tawada da baƙin gindin tukunya da ƙaro, ƙaron nan dai da ƙasarmu ke fitarwa zuwa ƙasashen duniya. A feƙe alƙalami. Sa'an nan mai zayyana ya sami inuwa ya zauna, ya tanƙwashe ƙafa, ya ɗora allon a cinya. Wanda ya taɓa tsayawa a kansa ya san yadda abin yake. Ba ya magana. Ba ya ɗaga kai. Zai ja layi ɗaya, ya dakata ya bushe, ya ja na biyu kusa da shi. Zai raba fili gida-gida, ya cika wannan da ja, wancan da ruwan ɗorawa, ya bar wani fari. Yini guda zai iya tafiya a kan abin da bai wuce tafin hannu biyu ba. Kuma in ka lura, ba za ka taɓa samun zayyana biyu da suka zama ɗaya sak ba, ko da hannu ɗaya ne ya yi su, domin yana cikin yi ne wata dabara ke zo masa, ya ga in ya karya wannan kusurwa ya haɗa da waccan wani abu sabo zai fito. Haka alamomin sumuni da rubu'i da izu suke a gefen Alƙur'anin da kakanninmu suka rubuta da hannu, suka ratayo a gafaka tun daga Sakkwato da Kano da Borno a kan hanyarsu ta zuwa Makka. Haka mai ɗinkin hula yake, haka mai zanen ƙwarya, haka macen da ke zana lalle a ƙafar amarya. Ba mu taɓa jin an ce ɗayansu yana wasa ba.

Wannan shi ne abin da muke nufi da zanen natsuwa, kuma ba daga Turai muka aro shi ba. Hasali ma akwai ɗan ƙasar nan da ya je Turai neman zane, ya dawo ya tarar abin da yake nema yana jingine a bangon gidan ubansa.

Ibrahim El-Salahi an haife shi a Umdurman a shekarar 1930. Mahaifinsa malamin addini ne mai koyar da Alƙur'ani, saboda haka a kan allo ya fara riƙe alƙalami. Ya yi karatun zane a Hartum, sa'an nan gwamnati ta tura shi makarantar Slade da ke Landan, inda ya zauna daga 1954 zuwa 1957. Ya dawo gida da gwanintar Turawa a hannunsa, ya baje kolin ayyukansa a Hartum. Shi da bakinsa ya sha ba da labarin cewa mutane sun zo ranar buɗewa, sun sha lemo, daga nan babu wanda ya sake leƙowa. Abin ya dame shi ƙwarai, har ya yi kusan shekara biyu hannunsa a ɗaure. Sai ya shiga yawo yana duba abin da mutanen Sudan ke ƙawata ɗakunansu da shi, ya tarar rubutun Larabci ne, da allon sharafa, da saƙar faifai, da zanen ƙwarya. Ya fara sa ɗan rubutu a kusurwar zanensa, ya ga mutane sun fara matsowa. Daga nan ya shiga wargaza haruffan kansu, yana jan wutsiyar wannan, yana buɗe cikin wancan, yana kallon filin da ke tsakaninsu, har siffofin tsirrai da dabbobi da fuskoki suka riƙa fitowa daga cikin baƙaƙen. Da wannan ya zama ɗaya daga cikin shugabannin abin da aka sani da Makarantar Hartum a fagen zane. Ga mu Hausawa akwai ɗan abin sha'awa a nan, domin tun a farkon shekarun 1960 ƙungiyar Mbari ta Ibadan, a Nijeriya, tana cikin waɗanda suka fara nuna aikinsa a wajen Sudan.

Amma inda labarinsa ya shafi yaranmu shi ne abin da ya same shi a watan Satumba na 1975. A lokacin babban jami'i ne a ma'aikatar al'adu. Aka yi yunƙurin juyin mulki a kan Shugaba Numairi, yunƙurin bai yi nasara ba, aka kama shi bisa zargin yana da hannu, aka kai shi kurkukun Kobar. Ya yi wata shida da 'yan kwanaki a tsare ba tare da an kai shi gaban alƙali ba. A cikin kurkukun an hana takarda, an hana alƙalami, wanda aka kama da su ɗakin kaɗaici za a jefa shi. Mutumin da ya saba da manyan alluna da fenti kala-kala, sai ga shi ba shi da komai sai guntun fensir da ya ɓoye, da yage-yagen takardar buhun siminti. A kan waɗannan 'yan guntaye, waɗanda ba su kai tafin hannu ba, ya riƙa zane a ɓoye, in ya gama ya binne a cikin rairayi don kada masu gadi su gani.

A dubi wannan da kyau. Ba zai sayar ba. Ba zai nuna wa kowa ba. Bai ma san ko zai fita da rai ba. To me ya sa mutum mai hankali, mai shekara arba'in da biyar, zai sa kansa cikin haɗari saboda zanen da zai binne? Amsar da muka gani ita ce, zanen ne ke riƙe masa hankalinsa a wuri ɗaya, a lokacin da komai na kewaye da shi ke neman tarwatsa shi.

Sa'an nan wani abu ya fito daga cikin wannan ƙunci wanda shi kansa bai nema ba. Da yake takardar ƙarama ce, ba ta ɗaukar babban hoto, sai ya koyi farawa da ɗan ƙwayar abu a tsakiya, in ta cika ya ɗauko wata guntuwar ya ci gaba a gefenta, kamar yadda iri ke tsira ya yi reshe. Bai san inda zanen zai ƙare ba sai ya ƙare. Bayan an sake shi a 1976, yana zaman ɗaurin talala a gida, ya cika wani ɗan littafi da zane da rubutu a kan abin da ya gani a Kobar, littafin da gidan adana zane na MoMA da ke New York ya mallaka, aka kuma buga shi a 2018. Ya bar ƙasar zuwa Katar, daga baya ya koma Oksfod ta Ingila a 1998, amma wannan hanya ta kurkuku bai sake ta ba. Babban aikinsa mai suna The Inevitable, watau abin da ba makawa sai ya auku, wanda ya yi a 1984 zuwa 1985, guntaye tara ne aka jera suka cika bango, baƙar tawada a kan farar takarda. A 2013 gidan Tate Modern na Landan ya baje kolin aikin rayuwarsa gaba ɗaya, shi ne ɗan Afirka na farko da aka yi wa haka a wurin. Dabarar da ta kai shi can a kan buhun siminti aka haife ta.

Da tsufa ya zo masa da ciwon baya da na jijiyar nan da ke saukowa daga ƙugu zuwa ƙafa, har tsayuwa gaban babban allo ta gagara, sai ya koma gidan jiya. Daga 2016 ya riƙa zama a kujera yana buɗe kwalayen maganin da yake sha, da tsofaffin ambulan na wasiƙu, yana zane a bayansu da alƙalami. Ya ce in yana zanen yakan manta da ciwon. Ya yi ɗaruruwa, aka nuna fiye da ɗari daga cikinsu a New York a 2022. Ya kuma sha faɗa cewa yakan yi salla kafin ya fara aiki. Wani abin da zai sa Bahaushe murmushi shi ne, itacen da ya shafe shekaru yana zanawa, wanda Larabawa ke kira haraz, ba wani ba ne illa gawo, mai zubar da ganye da damina ya yi kore da rani. Mu muna wucewa ta gindinsa kullum da jaki, shi kuwa ya zauna ya kalle shi har ya fitar da zane bayan zane, babu wanda ya yi kama da ɗan'uwansa.

To, abin da muke yi a aji ɗan ƙaramin kwaikwayo ne na wannan. Da safe kafin darasin farko, kowane yaro zai ajiye abu ɗaya a gabansa, wanda ya tsinto a hanya: kwanson ridi, ko zangarniyar dawa, ko ƙayar bagaruwa, ko ƙashin kifi, ko ɓangaren busasshiyar laka. Takarda kowace iri ce, bayan tsohuwar takardar jarrabawa, ko kwalin shayi, domin ba za mu ɗora wa iyaye sayen wani littafi ba a wannan hali da ake ciki. Da biro ake yi, ba da fensir ba. Dalili kuwa shi ne mai fensir rabin lokacinsa a gogewa yake ƙarewa, yana neman layin da ya fi kyau, mai biro kuwa in ya yi kuskure dole ya zauna da shi, ya nemi yadda zai mayar da shi wani abu, kuma a nan ne dabara ke fitowa. Muna ce masu ido ya riƙa tafiya a gefen abin kamar tururuwa, hannu ya bi shi a baya, kada hannu ya riga ido. Ba a magana. Ba a leƙa na maƙwabci. Abu mafi muhimmanci, ba ma ba da maki, ba ma cewa na wane ya fi kyau. Ranar da babu abin zanawa sai mu ce kowa ya rubuta harafi ɗaya a tsakiyar takarda, ko nun ko sad, ya yi ta ƙara masa layi a hankali har lokaci ya cika.

Makon farko wahala ce zalla, kada wani malami ya ce ba mu faɗa masa ba. Cikin minti biyu za ka ji, "Ustaz, na gama." Sai mu ce, "Ƙara dubawa, akwai abin da ba ka gani ba." Yaran da suka saba da hotunan waya masu wucewa kamar walƙiya, zama da abu ɗaya azaba ne a gare su. Amma wajen mako na uku sai ajin ya fara yin wani irin shiru wanda ba na tsoron bulala ba ne. Duk malami ya san bambancin shirun nan biyu.

Shi jikan dattijon, ranar da ya zana kwanson ridi, da aka tashi sai ya ɗaga hannu ya ce, "Ustaz, ashe daga sama yake tsagewa, kuma 'ya'yan a jere suke layi huɗu." Muka ce haka ne. Ya yi shiru, sa'an nan ya ce, "Shi ya sa ake tsayar da damin a tsaye in an yanka, don kada ya zube, sai ya bushe a kifa shi a kakkaɓe." Yaron nan tun yana rarrafe yake ganin ana jera hilla a gona, an kuma sha aikensa ya taya, amma bai taɓa haɗa siffar kwanson da dalilin aikin ba sai da ya zauna minti goma sha biyar yana bin gefensa da ido. Babu wanda ya gaya masa. Wannan shi ne kimiyya tun daga tushenta, kuma da mun sami natsuwar faɗa wa kakansa haka a ƙofar makaranta da mun faɗa.

Wata yarinya kuma, daga cikin waɗanda suka zo daga Jazira, wadda ta yi wata biyu ba mu ji muryarta ba, ta zana tsagar ƙasa, irin yadda baƙar lakar nan tamu ke daddarewa da rani. Tana cikin ja sai tsagogin suka koma mata hanyoyi. Ta sa ɗigo a nan, ta sa a can, ta rubuta sunayen garuruwan da suka ratsa har suka iso. A darasin insha'i na ranar ta rubuta shafi ɗaya da rabi. Ba mu ce ta rubuta labarin gudunsu ba, da mun ce ma da ba ta yi ba. Hannu ne ya fara, kai ya biyo baya. Mu da muka yi karatun boko an saba mana da cewa sai ka yi tunani tukuna sa'an nan ka rubuta, amma sau da yawa tunanin ba ya zuwa sai hannu ya riga ya kama wani aiki mai sauƙi wanda ba ya tsoratarwa.

Masu bincike ma sun ɗan taɓa wannan fage. A 2016 wata malama a jami'ar Drexel ta Amurka, Girija Kaimal, da abokan aikinta, sun ba mutum 39 kayan zane da yumɓu na tsawon minti 45, suka auna sinadarin kotizol a cikin yawunsu kafin da bayan aikin, watau sinadarin da jiki ke ƙara fitarwa in hankali ya tashi. Kusan kashi 75 cikin ɗari nasu ya sauka, kuma babu bambanci tsakanin gwani da ɗan koyo. Kafin nan, a 2009, Jackie Andrade ta jami'ar Plymouth a Ingila ta sa mutum 40 sauraron wani dogon saƙon waya mai gundura, rabinsu suna 'yan zane-zane a takarda, aka tarar masu zanen sun fi tuna abin da aka faɗa da kashi 29 cikin ɗari. Mutum 39 da mutum 40 ba taron da za a kafa doka a kansa ba ne, kuma ba yaran da suka gudo daga yaƙi aka gwada ba. Amma dai ya isa ya sa malami ya ɗan yi tunani kafin ya tsinka wa yaro mari saboda ya same shi yana zane a gefen littafi.

Kada kuma a ɗauka muna cewa zane magani ne. Yaron da ba ya barci, ko yake firgita da dare, ko ya daina cin abinci, yana bukatar likita da addu'a da kulawar iyaye, biro ba zai yi masa wannan ba. Har ila yau ba kullum ne abin da ke fitowa a takarda yake da daɗin gani ba. Ka ba yaro ƙayar bagaruwa, ka dawo ka tarar ta zama bindiga, ko jirgin nan marar matuƙi. Da farko mukan ce a'a, a zana abin da aka ajiye. Daga baya muka gane kuskure ne, muka daina hanawa, muka kuma daina tambayar "mene ne wannan?" a gaban aji. In yaron ya so magana zai same mu bayan an tashi. Zanen yara ba abin rainawa ba ne: a 2007 wata ƙungiya mai suna Waging Peace ta tattara zane kusan 500 daga yaran Darfur da ke sansanonin gabashin Cadi, kuma kotun duniya da ke Hague ta karɓe su a matsayin abin da ke bayyana yanayin da aka shiga.

Saura maganar addini, wadda muka san tana zuciyar iyaye da yawa ko ba su furta ba, musamman tun bayan hayaniyar da aka yi a kan wani hoto a littafin tarihi na aji shida, wadda ta kai ga shugaban hukumar manhaja, Umar al-Garrai, ya ajiye aiki a Janairun 2021. Mu ba malaman fatawa ba ne, kuma mun san malamai sun yi saɓani a kan surar abu mai rai. Amma abin da ya tabbata a Buhari da Muslim shi ne, wani mai sana'ar yin hotuna ya je wurin Abdullahi ɗan Abbas, Allah ya yarda da su, ya yi masa gargaɗi, sa'an nan ya nuna masa cewa in ba makawa sai ya yi, to ya yi itatuwa da abin da ba shi da rai. Kwanson ridi da tsagar ƙasa da harafin nun duk suna cikin wannan fili, kuma filin yana da faɗin da mutum zai ƙare rayuwarsa bai kai bango ba. Mai zayyana shaida ne.

Abin da ke ba mu tsoro ma shi ne zayyanar kanta tana neman ɓacewa. Yanzu an fara sayen bugaggiyar takarda a liƙa a allo ranar sauka, an huta da jiran gardi. Saboda haka muna roƙon masu karatu na Shuwak da Gadarif, da na Mai Wurno da Kasala in wannan fitowa ta kai gare su, duk wanda ya san wani alaramma ko gardi da har yanzu yake zayyana da hannunsa, ya aiko mana da labari ta ofishin wannan mujalla. Muna so mu gayyato ɗaya ya zo ya zauna a gaban yara da allonsa da tawadarsa, kada ya ce masu komai, su dai kalle shi yana yi. Masu shaguna kuma da ke zubar da kwalaye da takardun buhu, a taimaka a tara mana.

Shi kuwa Baba mai jika, mun yi niyyar kai masa wannan shafi har gida mu karanta masa, tunda ya ce idonsa ba ya ganin ƙananan baƙaƙe. Jikan ya gaya mana cewa ranar Juma'ar da ta wuce ya zauna yana zana ƙullin komar kakan, tsohon ya leƙo ya ce ba haka zaren ya bi ba, ta ƙasa yake shiga kafin ya zagayo, ya karɓi biron ya gyara masa da hannunsa. Ko ya sauka daga ra'ayinsa ko bai sauka ba, za mu ji in mun je, kuma in Allah ya kai mu wata mai zuwa za mu faɗa maku yadda muka yi da shi.